Kulle fayilolin zane: me manhaja ke iya hanawa, me kuma ya fi ƙarfinta?

A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda ake kira dokar 2022. Cikin abubuwan da ta zo da su akwai haramta fasa kariyar fasaha da mai haƙƙi ya ɗora wa aikinsa. Masu zanen gine-gine da injiniyoyi da masu tsara tambari da kwalayen kaya da masu shirya surfanin kwamfuta suna iya ɗaukar maganar a taƙaice: ka sa wa fayilinka kalmar sirri, doka ta tsaya maka, shi ke nan.

Su kuwa kamfanonin da ke ƙera manhajojin, wani abu dabam suke faɗa. Autodesk na Amurka, mai manhajar AutoCAD ta zanen gine-gine da injuna, ya cire damar sa wa zane kalmar sirri tun daga zubin AutoCAD 2016, bisa dalilin cewa tsarin bai kai matsayin tsaron da zamani ke buƙata ba. Microsoft kuma ya rubuta a shafukansa na bayani cewa kulle shafin lissafi a Excel ba don tsaro aka yi shi ba, an yi shi ne don kada mai amfani ya taɓa guraben da aka kulle. Ga doka tana kare makulli, ga masu ƙera makullin suna cewa kada a dogara da shi. Daga nan ruɗanin ya taso.

Buƙatu uku da ake kira da suna ɗaya

Idan mai zane ya ce yana son ya kulle fayil, ɗaya daga cikin abubuwa uku yake nufi, kuma sau da yawa shi kansa bai rarrabe su ba.

Akwai hana buɗewa, wato sirrantawa. Manhaja tana dagula abin da ke cikin fayil ta hanyar lissafi, ta yadda wanda ba shi da mabuɗin ba zai ga komai ba sai tarkacen alamomi. Word da Excel na zamani suna yin haka da tsarin da ake kira AES, kuma muddin kalmar sirrin doguwa ce mai wuyar cinka, wannan kariya ce ta gaske. Akwai hana gyarawa: mutum ya buɗe, ya duba, ya buga a takarda ma in an yarda, amma kada ya sauya layi ko adadi. Wannan ne yawancin mutane ke nema, shi ne kuma mafi rauni. Sannan akwai gane cewa an gyara, da sanin wanda ya gyara da lokacin da ya yi. Wannan na ukun ba ya tare kowa, hujja yake ajiyewa.

Wani bambancin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne tsakanin uwar fayil da kwafin aiki. Uwar fayil ita ce wadda mai zane ya yi aikinsa a cikinta: DWG a AutoCAD, CDR a CorelDRAW, PSD a Photoshop, EMB a manhajar surfani ta Wilcom. A cikinta kowane sashe yana tsaye da kansa, rubutu yana nan a matsayin rubutu, ana iya ɗaga wannan a sauke wancan, a sauya awo ɗaya sauran su bi. Kwafin aiki kuwa shi ne abin da ake fitarwa daga uwar don a miƙa wa wanda zai aiwatar: PDF ga ɗan kwangila ko maɗaba'a, DST ga injin surfani, STL ga injin da ke buga abu mai jiki, fayilolin Gerber ga masana'antar allon lantarki. Kwafin yana ɗauke da siffar abin, amma dabarar da ta haifar da siffar ta zauna a gida.

Me ya sa makullin gyara ba ya riƙewa

Dalilin yana cikin yadda kwamfuta ke aiki. Kafin ta nuna wa mutum zane a allo, dole ta karanta duk abin da ke cikinsa. Da zarar bayanan sun isa kwamfutarsa a buɗe, umarnin "kada a gyara" ya koma roƙo ne da fayil ke yi wa manhaja. Wadda aka gina ta a kan ta saurara za ta saurara, wadda ba a gina ta haka ba ta tsallake. Kamar asabari ne a ƙofar ɗaki: mai kunya zai tsaya ya yi sallama, ɓarawo kuwa ɗagawa zai yi ya shige.

Excel ya nuna wannan ƙarara. Tun daga Office 2007, fayil ɗin xlsx tarin ƙananan fayilolin rubutu ne da aka ɗaure wuri guda, kuma kullen shafi alama ce guda a cikin ɗaya daga cikinsu. Idan ba a sirranta fayil ɗin baki ɗaya ba, wanda ya san inda alamar take zai goge ta ba tare da ya nemi kalmar sirrin ba. Kamfanin da ya zuba dabarun ƙididdigar farashinsa ko lissafin kayan gini a irin wannan shafi, ya kulle, ya tura wa abokin ciniki, ya tura dabarun ne gaba ɗaya.

PDF yana da kalmomin sirri iri biyu. Ta buɗewa tana sirranta fayil da gaske. Ta izini, wadda ke hana gyara ko kwafa ko bugawa, ta dogara ne ga ladabin manhajar da aka buɗe fayil ɗin da ita. Tsarin PDF a bayyane yake ga kowa, ya kuma zama ma'aunin duniya na ISO 32000 a 2008, don haka manhajojin da ke karanta shi suna da yawa, kuma ba duka ne ke mutunta izinin ba.

Tsohuwar kalmar sirrin AutoCAD ma buɗewa kawai take hanawa. Ɗan kwangilar da aka ba shi ita don ya ga zanen, an ba shi ikon gyarawa ke nan. Masu tunanin cewa mayar da zane PDF ya raba gardama su ma suna da abin dubawa, domin tun daga AutoCAD 2017 manhajar tana iya jawo layukan PDF ta mayar da su layukan da ake gyarawa. CorelDRAW da Illustrator suna buɗe PDF, suna kuma iya bin sawun hoto su fitar da zane daga cikinsa. Ko hoton allo da aka ɗauka da waya ya ishi ƙwararre ya sake zana abu.

Inda ake samun kariya mai ɗan ƙarfi shi ne inda aka cire abu daga fayil maimakon a hana taɓa shi. Microsoft Access, wadda ƙananan kamfanoni ke haɗa manhajar ajiyar kaya da rasiti da ita, tana ba da damar mayar da fayil ɗin ACCDB zuwa ACCDE. A wannan juyin ana cire rubutun umarnin da mai tsarawa ya yi, sai sarrafaffensa ya rage, kuma ba a iya buɗe fom da rahoto a sauya tsarinsu. Teburan bayanai dai suna nan a buɗe, kuma idan mai tsarawar ya yar da ACCDB na asali, shi ma ya kulle kansa a waje.

Teloli masu aikin wuya da na aljihu da injin kwamfuta sun san wannan a aikace. Fayil ɗin DST, tsarin kamfanin Tajima na Japan, jerin umarni ne ga allura: soka nan, matsa can, tsaya a sauya zare. Ko launin zaren ba ya ajiyewa. Wanda ya karɓi DST zai ɗinka irin aikin sau dubu in ya so, amma idan ya ƙara masa girma sosai ɗinkin zai yi sako-sako, domin yawan sukar allurar bai ƙaru ba. EMB kuwa ta san cewa nan ganye ne, nan da'ira ce, ta san kaurin cikon kowanne, tana sake lissafin ɗinkin duk lokacin da aka sauya awo. Mai zanen da ya sayar da DST ya riƙe EMB ya rage wa mai saye ikon gyara, ko da yake bai hana shi kwafa da rabawa ba. Wannan iyakar ta shafi duk kwafin aiki.

Abin da gyara ɗaya ke iya jawowa

Ana yawan kallon batun ta fuskar satar fasaha, kuma satar tana faruwa. A 2012 kamfanin tsaron kwamfuta na ESET ya gano wata muguwar manhaja mai suna ACAD/Medre.A da ke laɓewa a cikin AutoCAD, tana tura zanen da aka buɗe zuwa wasu akwatunan imel a Sin. Dubban zane suka fita ta haka, akasari daga ƙasar Peru. Amma gyaran da ba a tantance ba ya fi sata haɗari, domin sata kuɗi take ci, gyara kuwa yana iya cin rai.

Misalin da ake koyar da ɗaliban injiniya da shi ya faru tun kafin zane ya koma kwamfuta. Ranar 17 ga Yuli 1981 gadoji biyu na tafiya da ke rataye a zauren otal ɗin Hyatt Regency da ke birnin Kansas a Amurka suka rufto a kan jama'a, mutum 114 suka mutu, sama da 200 suka ji rauni. A zanen farko, dogayen sandunan ƙarfe ne za su sauko daga rufi su ratsa gadar hawa na huɗu su kai ga ta hawa na biyu. Kamfanin da ke harhaɗa ƙarfen ya ga hakan zai yi wuyar aiwatarwa, sai aka raba kowace sanda biyu: ɗaya ta riƙe gadar sama, ɗaya ta rataye gadar ƙasa a jikin ta sama. A takarda ɗan sauyi ne. A zahiri ya ninka nauyin da ke kan mahaɗar gadar sama, wadda binciken baya ya nuna cewa ko a zanen farko ba ta kai ƙarfin da ƙa'idar gini ta birnin ta tanada ba. Zanen da aka sauya ya bi ta ofishin injiniyoyin ya fito da hatiminsu ba tare da an sake lissafin ba, daga baya kuma aka ƙwace lasisinsu. Ba wanda ya fasa makulli a nan. Abin da aka rasa shi ne tsarin da zai tilasta a tsaya a kan kowane sauyi a san wanda ya duba shi.

Gyaran mugunta ma an gwada shi. A 2016 masu bincike daga jami'ar Ben-Gurion ta Isra'ila da abokan aikinsu na Amurka da Singafo sun kutsa kwamfutar da ke riƙe da zanen farfelar wani ƙaramin jirgi marar matuƙi, suka sa wasu 'yan ramuka a cikin zanen, a wurin da ido ba ya gani. Aka buga farfelar da injin buga abu mai jiki, ta fito kamar lafiyayya, aka ɗaura, jirgin ya tashi, ba a jima ba ta karye ya faɗo.

Akwai kuma ɓarnar da ba mugu a cikinta. Jirgin Airbus A380 ya yi jinkirin kusan shekara biyu kafin a miƙa na farko ga kamfanin jiragen Singafo a 2007, kuma babban dalili shi ne injiniyoyin Hamburg a Jamus suna aiki da tsohon zubin manhajar zane ta CATIA, na Toulouse a Faransa suna aiki da sabo. Wayoyin lantarkin jirgin, masu tsawon kusan kilomita 500 in an haɗa, suka zo wurin harhaɗawa ba su dace da gurabensu ba. Tambayar "wane kwafi ne na gaskiya?" ta ci kamfanin biliyoyi.

Yadda manyan kamfanoni ke tunkarar matsalar

Da yake fayil ba ya iya tsare kansa, sai aka mayar da tsaron zuwa wurin da fayil ɗin ke zaune. Manhajoji irin su Autodesk Vault da SolidWorks PDM suna ajiye uwar fayil a rumbu ɗaya na kamfani. Mai son gyara sai ya karɓo fayil ɗin da sunansa, a lokacin sauran ma'aikata kallo kawai za su iya, in ya gama ya mayar, rumbun ya ajiye sabon zubi ba tare da ya goge tsohon ba. Zanen da aka amince da shi ana daskarar da shi, ba ya sake buɗuwa sai da izinin wanda ke da alhakin aikin. A harkar gini, ma'aunin ISO 19650 da aka fara fitarwa a 2018 ya tsara irin wannan: kowane fayil yana cikin ɗayan matakai huɗu, ko ana kan aikinsa, ko an raba shi don dubawa, ko an fitar da shi don aiwatarwa, ko an adana shi a tarihi.

Ga fayil ɗin da dole ya fita waje, akwai tsarin izini mai bin fayil, irin na Microsoft Purview. Ana sirranta fayil ɗin, mabuɗin yana hannun kamfani, duk mai son buɗewa sai ya shiga da asusunsa a tantance shi, sannan a ba shi abin da aka yarje masa: kallo kawai, ko kallo da bugawa. Ana iya janye izinin bayan fayil ɗin ya tafi. Wannan ya fi kalmar sirri nesa ba kusa ba, sai dai yana buƙatar lasisi mai tsada da intanet, kuma bai hana ɗaukar hoton allo da waya ba.

Sai sa hannun lantarki, wanda ya bambanta da hoton sa hannu ko na hatimi da ake mannawa a PDF. Hoton kowa na iya yanke shi ya liƙa a wani zanen. Sa hannun lantarki na gaske lissafi ne: ana fitar da wata lamba ta musamman daga dukkan abin da ke cikin fayil, a ɗaure ta da mabuɗin sirri na mai sa hannun. Idan aka sauya ko ɗigo ɗaya lambar ba za ta dace ba, manhaja ta nuna cewa an taɓa fayil ɗin bayan sa hannu. AutoCAD ya riƙe wannan damar bayan ya jefar da kalmar sirri, wanda ke nuna inda kamfanin ya ga amfanin yake. Sai dai sa hannun lantarkin ma yana tsufa. A 2017 Google da cibiyar bincike ta CWI da ke Amsterdam sun fitar da fayilolin PDF biyu mabambanta masu lamba ɗaya a SHA-1, tsohon tsarin fitar da wannan lambar, abin da ya hanzarta komawa SHA-256 wanda ya fi shi ƙarfi. A 2019 kuma masu bincike a jami'ar Ruhr da ke Bochum a Jamus sun nuna cewa ana iya yaudarar 21 daga cikin manhajojin karanta PDF 22 da suka gwada, su nuna sa hannu lafiya lau a kan fayil ɗin da aka sauya. An toshe ramukan daga baya, amma ga wanda ya sabunta manhajarsa kaɗai.

Duk waɗannan ba sa tare na cikin gida da aka ba amana. Injiniya Anthony Levandowski ya sauke fayiloli kusan 14,000 daga rumbun sashen motoci masu tuƙa kansu na Google, wanda ya zama Waymo, a watan Disamba na 2015, jim kaɗan kafin ya bar aiki. Yana da izinin shiga, don haka ba abin da ya tsaya masa. Amma rumbun ya rubuta abin da ya faru, kuma wannan rubutun ya zama ƙashin bayan ƙarar da Waymo ya shigar da kamfanin Uber, inda Levandowski ya koma aiki, a 2017. An sasanta a 2018 da hannun jarin da ya kai kimanin dala miliyan 245, aka kuma yanke wa Levandowski ɗaurin wata 18 a 2020, kafin Shugaba Donald Trump ya yi masa afuwa a watan Janairun 2021. Cikin buƙatun nan uku, ta ukun ce ta yi aiki.

Mai zane da wanda ya ba da aiki

Ƙarƙashin maganar fasaha akwai jayayyar ciniki, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ba ta wasa ba.

Mai zane yana cewa abin da aka saya a wurinsa shi ne sakamako: gida ɗaya, tambari ɗaya, kwali ɗaya. Uwar fayil kuwa tana ɗauke da kayan aikinsa na shekaru, tun daga ƙananan zanuka da ya tara har tsarin lissafinsa. Idan ya miƙa ta, za a gina gidaje goma da kuɗin zanen gida ɗaya, ko a kai wa mai araha ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wanda ya fi wannan nauyi shi ne alhaki. A Najeriya zanen gini yana fita ne da hatimin wanda ya yi rajista da ARCON, hukumar masu zanen gine-gine, ko COREN, ta injiniyoyi. Idan wani ya rage kaurin rodi ko ya cire ginshiƙi ya bar hatimin yadda yake, ranar da gini ya tsage sunan da ke kan takarda za a fara nema.

Wanda ya ba da aiki shi kuma yana cewa ya biya, kuma ginin ko injin ko hajar za su daɗe fiye da hulɗarsa da mai zanen. Bayan shekara goma zai so ya ƙara hawa, ko ya sauya lambar waya a jikin kwali, ko hukuma ta ce a ƙara wani bayani a kan leda. Idan mai zanen ya ƙaura, ko ya rasu, ko ya tsawwala farashi don ya san ba inda za a je, mai kaya ya zama fursunan fayil ɗin da shi ya ɗauki nauyin yin sa. Manyan masu ba da kwangila sun daɗe da ɗaukar wannan matsayi. Gwamnatin Birtaniya ta wajabta tun daga 2016 cewa ayyukan gininta su zo da cikakkun bayanan zane na kwamfuta da ake musaya tsakanin masu aikin, domin wanda zai kula da ginin bayan an gama yana buƙatarsu.

Ɗan kwangila da mai maɗaba'a suna tsakiya. Kafa ginin a fili yana buƙatar awo daga DWG, gyara launi kafin bugu yana buƙatar fayil mai buɗuwa. Idan aka tsananta kulle, abin da kan biyo baya shi ne su sake zana abin da hannunsu, kuma a nan kurakurai ke shigowa. Kullen da aka yi don kare zane sai ya haifar da kwafi na biyu da ba wanda ya duba.

Babu manhajar da za ta yanke wannan hukunci. Wanda ke da ikon gyara, da iyakar gyaran, da wanda alhaki zai koma kansa bayan an gyara, duka abubuwa ne na yarjejeniya.

Inda doka ta tsaya

A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, ƙa'idar asali ita ce haƙƙin aiki yana hannun wanda ya ƙirƙira shi sai idan yarjejeniya ta ce wani abu dabam, kuma miƙa haƙƙin ga wani sai a rubuce. Biyan kuɗin aiki kaɗai bai mayar da mutum mai haƙƙin zanen ba. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga kwamfutar wani da sauya bayanai ba da izini ba. Siffar kayan masana'anta kuma ana yi mata rajista ƙarƙashin dokar 1970 ta haƙƙin ƙirƙira da zane, na shekara biyar da ake iya sabuntawa sau biyu. A Nijar da Chadi da Kamaru rajistar tana bi ta ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa, kuma rajista ɗaya tana aiki a duk ƙasashenta 17.

A nan ne amfanin makulli mai rauni ke fitowa. Sashe na 39 na yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda Najeriya da Nijar ke ciki, yana kare sirrin kasuwanci ne idan mai shi ya ɗauki matakan da suka dace don ɓoye shi. Dokar Amurka ta 2016 da umarnin Tarayyar Turai na wannan shekarar suna da sharaɗi iri ɗaya. Wanda ya bar zanensa a buɗe a kowace kwamfutar ofis zai sha wuyar gamsar da kotu cewa sirri ne. Wanda ya kulle, ko da kullen mai sauƙin cirewa ne, ya nuna niyyarsa, kuma wanda ya cire ba zai ce kuskure ya yi ba. Najeriya ba ta da doka ta musamman a kan sirrin kasuwanci, ana dogara ne ga yarjejeniya da ƙa'idar riƙon amana, abin da ke ƙara wa rubutacciyar takarda nauyi. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 kuma ya gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi abin da ya fito daga kwamfuta, har da takardar shaida a kan na'urar da ta fitar da shi.

Abin da wannan ke nufi ga ƙaramin ofis da mai gini

Rumbun zane da tsarin izini mai bin fayil ana biyansu ne da dala, wata-wata ko shekara-shekara, kuma suna son wuta da intanet da ba sa yankewa. Ofishin mutum uku ko shagon buga katin biki ba zai ɗauka ba. Wanda ke aiki da fasasshiyar manhaja yana da ƙarin matsala: ba ya samun sabuntawar da ke toshe ramuka irin na Bochum, kuma ya buɗe wa kwamfutar da ke riƙe da uwayen fayilolinsa ƙofar da bai san wanda ke bayanta ba.

Abin da ya rage a hannunsa ba kaɗan ba ne. Uwar fayil ta zauna a wuri ɗaya, kowane ma'aikaci da asusunsa maimakon kalmar sirri ɗaya da kowa ya haddace. Google Drive da OneDrive suna ajiye tsofaffin zubi na wani lokaci tare da sunan wanda ya sauya, suna kuma bambanta mai kallo da mai gyara. Abin da zai fita waje ya fita a kwafin aiki, da lambar zubi da kwanan wata a jikinsa. Mai CorelDRAW ya mayar da rubutu zane kafin ya tura, wanda ke kare shi daga sauyawar salon haruffa a kwamfutar maɗaba'a, ya kuma sa sauya kalma ya yi wuya. Tura fayil ta imel ya fi miƙa shi a filash, domin imel yana barin shaidar abin da aka tura da ranar da aka tura shi. A takardar aiki kuma a rubuta farashi biyu, na kwafin aiki da na uwar fayil, tare da sharaɗin cewa duk gyaran da wani ya yi bayan miƙawa a cire suna da hatimin mai zanen farko daga kansa. Mai ba da aikin da ke tsoron a bar shi a rana yana iya neman a ajiye uwar fayil a wurin lauya, a sake masa ita idan mai zanen ya daina aiki ko ya rasu.

Mai gina gidan kansa ya fi kowa shiga haɗari, domin yawanci bai iya karanta zanen ƙarfe ba, kuma PDF ɗin da ke yawo a WhatsApp tsakanin magini da mai ɗaurin rodi ba ya nuna ko an taɓa shi. Kafin a zuba kankaren dekin, yana da damar ya ɗauki takardar da ake aiki da ita a fili ya kai wa injiniyan da hatiminsa ke kai, ko ya gwada ta da kwafin da hukumar tsara birni ta amince da shi, irin su KNUPDA a Kano. A duba lambar zubi, da kwanan wata, da kaurin rodi da tazararsa a kowane ginshiƙi.